Tambayi Mai Gyara: ɗan akwatin gem irin na da, haɗin Damagaram

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da hoton ɗan akwatin gem ɗin nan da ke kan teburin shagona ya fito a wancan watan saƙonni suka yi ta shigowa ba ƙaƙƙautawa, wasu tambaya suke tsakani da Allah, wasu kuma ciniki suka zo yi. To ba na sayarwa ba ne, ƴaƴana ma ba za su yarda ba. Na tsinto guda biyar daga ciki, ta farkon ita ce ta ci rabin filin don ita ce tushen sauran.

Tambaya daga wani ɗalibi, unguwar Garin Malam

Salam Malam mai gyara ina wuni ya aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar André Salifou, wallahi da na ga akwatin nan sai ya tuno min gidan gem ɗin unguwarmu da muke biyan dala biyar muna yara. Ina son in haɗa nawa cikin hutun nan, har na yi magana da kafinta ya ce in kawo awo jibi ya yanka katako. Wane awo zan ba shi, kuma me da me zan saya?

Amsa

Ƙanena wa alaikumus salam. Kafin komai ɗauki waya ka kira kafintan nan ka ba shi haƙuri, ka ce ya dakata tukuna. Katako shi ne na ƙarshe. Ni da bakina nake faɗa maka don ni ma haka na yi a nawa na farko, ɗoki ya kwashe ni na zana akwati a takarda na kai aka yanka aka shafa fenti baƙi yana ƙyalli, sai da gilashin nuna hoto ya iso hannuna na ga ya fi ramin da na bar masa faɗi da kamar yatsa biyu, ga kan wayar HDMI ya turo ta gefe yana tokarar bango. Akwatin yana nan har yau, uwargida ta mai da shi wurin ajiye albasa.

Abin da za ka fara yi shi ne ka baje komai a kan tabarma ko tebur tsirara, ba akwati, sai ka ga gem ya tashi kana bugawa kana jin sauti. Abu biyar ne, ƙwaƙwalwa, gilashi, sanda da maɓallai, lasifika, wuta.

Ƙwaƙwalwar da aka fi sani ita ce Raspberry Pi, ƴar kwamfuta ce da ba ta wuce katin banki ba, a Ingila aka ƙirƙiro ta aka fara sayarwa a 2012. Pi 3 na 2016 ya isa ya yi maka duk wasannin shekarun 1980 da yawancin na 1990, farashin da kamfanin ya sa masa lokacin da ya fito dala 35 ne, amma dalar Amurka fa, kar ka lissafa da tamu ta tamma biyar ka fara murna. Kafin ya iso Zinder ta Yamai ko ta Kano kuɗin mota da ribar ɗan sako sun hau kansa. Pi 4 na 2019 ya fi ƙarfi, ya kuma fi zafi da cin wuta. Akwai Pi Zero 2 W na 2021, da ya fito a kan dala 15 ta Amurka, ƙarami sosai, yana yi amma sai ka yi ta neman ƴan mahaɗai don ramukansa duk ƙanana ne.

Gaskiya ni da zan ba ɗalibi shawara ba zan ce ya tsaya jiran Pi ba. Leƙa wajen masu gyaran kwamfuta a kasuwar Dole ko Sabon Gari ka tambayi tsohuwar kwamfutar hannu wadda murfinta ya karye ko allon rubutunta ya mutu amma tana tashi, irin wadda mai ita ya fid da rai. Ka zuba manhajar Batocera a filas ka tayar da ita daga nan, shi ke nan ta zama injin gem, ga gilashinta a jiki ga batir ga lasifika, ka kashe tsuntsu uku. Batocera da ƴar'uwarta Recalbox duka Faransawa suka fara su kuma ana mai da rubutunsu Faransanci, mu da muka yi lakwal a nan ya fi mana sauƙi. RetroPie ma tana da kyau a kan Pi sai dai ta fi son a yi ta taɓe-taɓe.

Gilashi kuma, wasannin da ba don faffaɗan gilashin zamani aka yi su ba, awonsu 4 da 3 ne, kusan murabba'i. Shi ya sa tsohon gilashin kwamfutar ofis mai inci 15 ko 17 da kowa ya raina ya fi dacewa, a sabo mai faɗi ko dai ka ga baƙin fili hagu da dama ko kuma mutanen gem su yi ƙiba kamar an zauna musu. Yawancin tsofaffin VGA ne da su, sai ka nemi ɗan mahaɗin da ke juya HDMI zuwa VGA. In ƙarami kake so na kan tebur akwai mai inci 7 da mai inci 10. In kuma ka ciro gilashin kwamfutar hannu za ka haɗa da Pi to juya bayansa ka kwafi lambar da ke kan takardar da aka manna, da wannan lambar ake sayen allon da ke tuƙa shi, ba da sunan kwamfutar ba, in ka kuskure harafi ɗaya za a iya kawo maka wanda bakinsa bai shiga.

Sai sandar. Ni giya nake ce mata don kamar giyar mota take, amma na daina faɗa a gaban surukina. A ƙarƙashinta ƴan makunnai huɗu ne masu ƙara ƙas-ƙas, sama ƙasa hagu dama, ba wani sihiri. Ana sayar da ita a leda ɗaya da maɓallai da wayoyi da wani ɗan allo da aka rubuta wa Zero Delay, shi ne ke tattara komai ya fitar ta USB kwamfuta ta ɗauka manet ce, wato abin buga gem na hannu, aka soka mata. Ba ka buƙatar dalma ma, sokawa kawai ake. Abin da za ka kula, wasu makunnan ƙafa uku gare su, COM da NO da NC, kai COM da NO za ka kama. In ka kama NC maɓallin zai zama kamar an danne shi kullum sai ka taɓa ya saki, na taɓa kwana biyu ina zagin manhaja ashe laifin waya ɗaya ce.

Maɓalli nawa? Ya danganta da abin da za ka buga. Pac-Man na kamfanin Namco, 1980, sanda kawai yake so. Wasannin Neo Geo irin su Metal Slug na 1996 injinsu huɗu yake da su. Street Fighter II na Capcom, 1991, shida yake so, uku naushi uku shuri. Ka yi shida ka huta, ka ƙara biyu ƙanana na farawa da na jefa kuɗi. Wani abu da mutane ba su sani ba, Pac-Man da Donkey Kong na 1981 sandarsu ta asali kusurwa huɗu kawai take zuwa, ta faɗa kuwa takwas, in ka buga Pac-Man da mai takwas za ka ga yana ƙin shan kwana daidai lokacin da dodo ke bayanka. A ƙasan sanduna da yawa akwai wata ƴar roba da ake juyawa a zaɓi huɗu ko takwas, duba taka kafin ka rufe akwati.

Sauti ba wuya, ɗan allon PAM8403 yana aiki da bolt 5 yana ba da wat 3 kowane gefe, ka ciro lasifikoki biyu daga mataccen rediyo.

To in duk wannan ya yi aiki a kan tabarma, sai ka je wurin mai shago ka roƙi kwalin taliya ko na sabulu ka yanka akwatin da kwali tukuna, ka manna da salatif, ka saka gilashin ka huda ramukan maɓallai ka ɗora hannunka ka ji. A nan za ka gane ko yatsunka sun takura ko gwiwar hannunka na dukan ta abokin wasa. Na mutum ɗaya faɗin santimita 30 zuwa 35 ya isa, na mutum biyu kar ka yi ƙasa da 55 in ba so kake a riƙa faɗan gaske ba. Tsakanin tsakiyar maɓalli da na kusa da shi ka bar kamar santimita 4, ƙarƙashin allon hannu ka bar zurfin 7 saboda gindin sanda da wayoyi. Wannan kwalin shi za ka kwance ka kai wa kafinta ya ɗora a kan katako ya zana, ba takarda mai lambobi ba.

Katako ka ce ya ba ka kwantirfilake, wato falankin da aka manna ninki-ninki, mai kaurin milimita 12 ko 15. Ka guji wannan na garin katako da aka matse, yana da santsi yana shan fenti da kyau amma damina ɗaya in ɗaki ya yi yoyo zai kumbura kamar burodi a shayi, kuma ƙusa ba ta riƙe shi sau biyu. Maganar rami, maɓallan Japan irin na Sanwa milimita 30 ne manya, 24 ƙanana, na Amurka dogayen nan 28. Masu ƴan kunnuwa da ake dannawa su maƙale don ƙarfe ko roba marar kauri aka yi su, a katako mai kauri ba sa kamawa, nemi masu zare da ake ɗaurewa ta ƙasa. Ka tafi da maɓalli ɗaya a aljihu a gwada a guntun katako kafin a huda na gasken. Kuma don Allah bayan akwatin ya zama ƙofa mai buɗewa, za ka shiga cikinsa fiye da yadda kake zato.

Tambaya daga wani mai cajin waya, Zango

Malam na haɗa nawa da Pi 3 yana aiki, amma wata alamar walƙiya na fitowa a saman gilashi ta dama, gem ya riƙa jan ƙafa, kuma sau biyu ke nan ana ɗauke kuran in an dawo da shi ya ƙi tashi sai na sake zuba komai. Ko na jabu aka sayar min?

Amsa

Ɗan'uwa ba jabu ba ne, yunwa yake ji. Wannan walƙiyar na fitowa ne in wutar da ke shiga ta faɗi ƙasa da kamar bolt 4.6, shi kuma Pi 3 bolt 5 yake so da amfiya 2.5, Pi 4 amfiya 3. Kai da ke sana'ar caji ka fi ni sanin cewa abin da aka rubuta a jikin caja daban abin da take bayarwa daban. Sau da yawa ma ba cajar ba ce, igiyar ce, doguwa siririya wadda in ka fasa ta za ka ga silin waya bai fi gashi uku ba. Sa gajera mai kauri ka gani.

Na biyun kuma memori ne ke lalacewa in wuta ta yanke yana cikin rubutu. Maganinsa a garin nan batir. Abin da na yi a nawa, batir na bolt 12 mai 7Ah irin na akwatin ajiyar wutar kwamfuta, daga shi fis na amfiya 3, sai layi ya rabu biyu, ɗaya ya tafi allon gilashi da ke cin 12 kai tsaye, ɗaya ya bi ta ɗan allon rage wuta ya sauko 5. LM2596 ne aka fi samu amma yana zafi in ya wuce amfiya 2, in ka ga XL4015 ɗauke shi. Kafin ka jona Pi sa mita a bakin fitar ka murɗa ɗan sukurun da ke kan shuɗin akwatin har ka ga 5.1, don yadda suke zuwa daga kanti wani yana fitar da kusan duk abin da aka ba shi, ka soka haka kuwa sai dai ka ji ƙauri. Lissafin kuma ga shi, 12 sau 7 wat-awa 84 ke nan, batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, saura 42, akwatin gaba ɗaya in yana cin wat 15 ka samu kusan awa uku. In kana da fano na hasken rana a rufin shago ai kai ka gama.

Ka kuma riƙa kashe shi ta cikin manhaja kafin ka zare wuta. In ka gama saita komai ka kwafi memorin gaba ɗaya ka ajiye a kwamfuta, ranar da ya mutu minti goma ka dawo da shi. Batocera ta fi jure yankewar wuta don jikin manhajar a kulle yake ba a rubutu a kansa. Memorin ma ka gwada girmansa na gaskiya da manhajar H2testw, ni an taɓa sayar min da wanda aka rubuta giga 64 a wani shago ashe 8 ne a ciki, duk abin da ya haura sai ya ɓace ba sallama.

Tun da muna kan lafiyarsa bari in ƙara da abin da ba ka tambaya ba. Pi in ya kai digiri 80 da kansa yake rage gudu don kar ya ƙone, yanzu ka tuna watan Afrilu da Mayu a Damagaram inuwa ma ta haura 40, ka kulle shi cikin baƙin akwati a shagon kwano. Manna masa ƙarfen shan zafi, ka huda ramuka a ƙasa, ka sa ƴar fanka a sama ta baya tana fitar da iska waje. Ramukan ƙasan ka rufe su da yankin gidan sauro ninki biyu saboda ƙurar hunturu, nawa da na buɗe bayan sanyin bara jan gari ne kwance a kan allo har ina rubuta sunana da yatsa, maɓallin naushi ɗaya kuma ya daina ƙas sai dai ka ji shi lumus. Kar ka dogara da gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga, bazara na zuwa zai saki lasifika ta faɗo, sa sukuru.

Tambaya daga wani matashi, Mirya

Akwai tsohuwar tele mai ƙusumbi a ɗakin kakata, zan iya fasa ta in ciro kwalbar in saka a akwati? An ce hoton ya fi kyau.

Amsa

Hoton ya fi kyau, gaskiya ne, don irin wannan kwalbar aka zana wasannin. Amma kar ka buɗe ta. A bayan kwalbar akwai wuta sama da bolt 20,000 kuma tana iya zama a ciki ko an zare ta daga bango. Bar ta cikin rigarta, Pi 3 yana fitar da hoto ta ramin abin sauraro, da igiyar da ta dace sai ka soka a jan rami da fari da rawaya. Ka gina wa sanda da maɓallai ɗan akwatinsu daban ka ajiye a gabanta. Kuma ka nemi izinin Kaka tukuna.

Tambaya daga wani mai shago, kusa da tasha

Ina son in ajiye irinsa a ƙofar shago yara su riƙa jefa dala goma suna bugawa. Akwai na'urar karɓar tsaba da ta san kuɗinmu? Kuma na zuba wasanni sun fi ɗari amma rabi ba sa buɗewa.

Amsa

Alhaji akwai, CH-926 ana koya mata kuɗi har kala shida, ka sa ta a yanayin koyo ka yi ta jefa mata dala goma kamar sau 20, ka haɗa da sababbi da waɗanda suka suɗe don kuɗinmu sun sha hannu. Bolt 12 take ci, saboda haka kar ka kai wayar saƙonta kai tsaye kan ƙusoshin Pi, su 3.3 kawai suke ɗauka, sa ɗan PC817 mai raba wutar ɓangarorin biyu ko rile a tsakani. Amma ni da ni ne kai da ba zan wahala ba, zan ja wayar maɓallin kuɗi in kawo shi bayan kanta, yaro ya miƙo tsaba in danna masa. Ba mai cusa maka murfin lemo ko guntun ƙarfe.

Wasannin da ba sa buɗewa kuwa yawanci rashin jituwa ne. MAME, manhajar da ke kunna tsofaffin wasannin nan, wadda wani ɗan Italiya Nicola Salmoria ya fara a 1997, kowane zubi nata da irin fayilolin da yake karɓa, misali MAME 2003 na 0.78 yake so, in ka ba shi na wani zubin sai gilashi ya yi baƙi ya dawo da kai baya. Kar ka kwance su daga zif ɗinsu, kuma na Neo Geo sai ka ajiye fayil ɗin neogeo.zip a gefensu.

Sai dai akwai maganar da dole in faɗa maka tun da sana'a za ka yi. Wasannin nan suna da masu su, Capcom da Nintendo da Namco, wanda yanzu ya zama Bandai Namco, suna nan da ransu suna sayar da su har gobe, tsufa bai sa sun zama na kowa ba. Akwai ƴan kaɗan da masu su suka yafe irin su Gridlee da Robby Roto, su ma don wasa a gida aka yafe ba don karɓar kuɗi ba. Ka san wannan kafin ka kafa, shawara ta rage naka. Kuma ka sa ido kar manyan yara su fara zuba kuɗi a kan wa zai ci wa, daga nan ya tashi daga wasa ya koma caca a ƙofar shagonka.

Tambaya daga wata uwa, Birni

Malam ɗana shekararsa 14, bana zai yi jarrabawar BEPC, tun da ya ga hoton nan ya hana ni sakat sai na ba shi kuɗin kaya. Ni tsorona kar ya bar karatu ya koma gem, ga shi ya riga ya kwance min rediyo.

Amsa

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya raya shi. Tsoronki yana kan hanya, amma yaron da ya kwance rediyo don ya ga cikinta ba irin wanda ke zama gaban gem ya manta da sallah ba ne, hannunsa ne ke ƙaiƙayi. Kuma abin da na lura da shi a kaina da yaran da ke zuwa shagona, haɗawar ta fi bugawar daɗi, wata biyu ana fama ranar da ya tashi a buga sati ɗaya sai a fara tunanin me za a sake kwancewa. A cikin aikin zai yi awo da santimita, zai yi lissafin bolt da amfiya, zai karanta bayani da Faransanci da Turanci dole.

Kar ki ba shi kuɗin gaba ɗaya. Yanzu ki ce ya yi na kwali, wannan ba ya cin ko dala, ya kawo miki ki gani tare da jerin kayan da farashin kowanne da ya tambayo da ƙafarsa. Sanda da maɓallai bayan jarrabawa. Sharaɗi ɗaya kawai zan roƙa ki kafa masa, duk abin da ya shafi wutar bango ta 220 ba shi ba taɓawa, ya tsaya a 12 da 5, in aiki ya kai can ya kai wa babban mai gyara ya tsaya yana kallo. Rediyon kuma kar ki jefar, ki ce ya ciro lasifikar ya adana, ita za ta yi masa sautin akwatin.